Kafin Ka Saya Wa Yaro Ɓeran Masar

Ɗana, idan kana da yara a gida, ko ba yau ba ko ba gobe ba, wata rana ɗayansu zai dawo daga gidan abokinsa ido na ƙyalli, ya tsaya a gabanka yana murza 'yan yatsu, ya ce, "Baba, a saya mini ɓeran Masar." Kai kuma da yake mai son farin cikin 'ya'yanka ne, za ka duba ka ga abin ba tsada, ba ya haushi, da wuya ya ciji mutum, ba ya tsallake katanga ya jawo maka rigima da maƙwabta irin ta akuya, sai ka ce to, Allah ya kai mu ranar kasuwa. Ban zo don in hana ka ba. Ni ma na saya, kuma na ga irin tausayin da ya dasa a zukatan yarana. Abin da nake so kawai, ka ɗan zauna mu yi magana kafin ranar kasuwar ta zo, domin akwai abubuwan da mai sayarwa ba zai gaya maka ba, ba don mugunta ba, sai don shi ma ba wanda ya gaya masa.

Sunan da muka raɗa masa ma yana ruɗar mutum. Ba daga Masar ya fito ba, kamar yadda masarar da muke gasawa da damina ba can ne asalinta ba. Bahaushe ne dai, idan baƙon abu ya iso masa ta hannun fatake, sai ya jingina shi ga ƙasar da ya fi jin sunanta. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Turawan Ingila aladen Gini suke ce masa, Faransawa kuma aladen Indiya, alhali ba abin da ya haɗa shi da alade ko ta nesa, bai kuma san hanyar Gini ko Indiya ba. Dangin ɓera ne, asalinsa tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, wajajen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda dankalin Turawa ma ya fito. Mutanen can sun yi shekaru dubbai suna kiwonsa, suna ce masa kuwi saboda kukansa, kuma har yau a ƙauyukansu a ɗakin girki yake yawo, naman biki ne a wurinsu. A ƙarni na 16 fataken Turai suka kai shi ƙasashensu, daga nan ya bazu cikin duniya, har ya zo mana. A yammacin Kamaru da gabashin Kwango ma don nama ake kiwonsa.

Ban kawo maka tarihin nan don burga ba. Na kawo shi ne don ka san baƙon da za ka saukar ɗan ƙasar sanyi ne, ɗan kan dutse, wanda Allah ya yi wa riga mai kauri bai kuma ba shi hanyar yin gumi kamar mu ba. Yanayin da yake jin daɗinsa tsakanin digiri 18 da 24 ne, da zarar zafi ya doshi 30 to ya shiga haɗari. Kai kuwa ka san watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, lokacin da ma'auni yake haura 40 kuma ko iskar da ke kaɗawa kamar daga bakin murhu ta fito.

Ni da tsada na sayi wannan ilimi. Babban ɗana yana aji uku na firamare na saya masa mata guda biyu, ɗaya fara sol, ɗaya mai ja da baƙi, ya sa musu suna Fara da Wake. Kafinta ya yi mana keji mai kyau na waya da rufin langa-langa, muka jingina shi a jikin katangar gabas ta tsakar gida, inda kullum da safe akwai inuwa mai daɗi. Duk hunturu lafiya lau. Ban taɓa tsayawa na lura cewa inuwar nan da na gani da safe tana barin wurin bayan azahar ba, don a lokacin ina wurin aiki, kuma ranar hunturu ba ta da zafin da za ta tona asirin kuskurena. Wata Asabar cikin bazara muka tafi ɗaurin aure gaba ɗayanmu, ba mu dawo ba sai bayan la'asar. Yaron ne ya riga kowa shiga gida. Ihun da ya yi har yau yana kunnena. Fara tana kwance ta gefe ta miƙe ƙafafu, ta riga ta sandare. Wake kuma tana numfashi sama-sama, yawu ya jiƙa mata haɓa, ruwan da ke cikin gwangwaninsu ya yi zafi kamar na haɗa shayi. Langa-langar nan ko taɓa ta ba a iya yi. Mahaifiyar yaron ce ta yi dabara, ta ɗauki Wake ta kai gindin randa, tana shafa mata ruwa a kunnuwa da ƙafafu kaɗan-kaɗan, har zuwa magariba ta ɗaga kai. Yaron bai ci tuwo ba a daren nan, yana ta cewa laifinsa ne da bai ƙara musu ruwa ba. Ni kuwa na san laifin wanda ya zaɓi wurin ne, kuma ba ɗan shekara takwas ne ya zaɓa ba.

Saboda haka kafin ka ajiye keji a ko'ina, ka tsaya a wurin da hantsi, ka dawo da azahar, ka sake dawowa da la'asar, ka ga inda rana take bi. Ɗakin ƙasa ko zaure mai shan iska ya fi musu tsakar gida nesa ba kusa ba. Da bazara, ka matsar da su kusa da randa, inda ƙasa take da laima da sanyi, ko ka daskarar da ruwa a roba ka naɗe ta da tsumma ka ajiye musu, za ka ga sun je sun kwanta a jikinta da kansu. Idan kuma ƙaddara ta faɗa, zafi ya buge ɗaya, kada tsoro ya sa ka tsunduma shi cikin ruwan ƙanƙara; a hankali ake sauke zafin, a inuwa, da ruwan randa, kamar yadda na gaya maka an yi wa Wake. Hunturu kuma ba sanyinsa ne abin tsoro ba kamar iskarsa da ƙurarsa, don ƙirjinsu ba ƙwari gare shi ba. Sai ka tare ɓangaren da iska take bugowa da buhu, ka bar ɗaya ɓangaren a buɗe.

Wani kuskuren na kejin nan nawa shi ne daɓensa na waya ne. Mukan yi haka ne don kashi ya riƙa zubowa ƙasa a huta da shara, amma tafin ƙafar ɓeran Masar ba shi da gashi, fata ce lallausa, waya tana cin ta a hankali har ta kumbura ta yi gyambon da yake wahalar warkewa. Daɓe ya zama shafaffe, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kauri, a guji garin katako mai laushi don yana shiga musu hanci. Faɗi suke so, ba tsawo ba, tunda ba masu hawa ba ne: guda biyu a ba su aƙalla santimita 120 a tsawo da 60 a faɗi, in da hali a ƙara. A yi wa kejin murfi, ba don kada su gudu ba, sai don kada a shigo musu, mage da muzuru da shirwa da gafiya da maciji duk sun san daɗin namansu. A ciki kuma kowanne a ba shi maɓoyarsa, ko kwali ne ko tsohuwar tukunyar ƙasa da bakinta ya fashe a kife ta, domin dabba ce da kowa yake farauta a daji, hankalinta ba ya kwanciya sai ta san akwai inda za ta faɗa idan ta ji motsi. Shimfiɗar da ta jiƙe a kwashe ta kullum. Idan kai da kake tsaye kana jin zarnin fitsari, to ka tuna shi hancinsa a ƙasa yake dare da rana.

Bayan mutuwar Fara, Wake ta warke a jiki amma ta canja. Ta daina tsallen nan da suke yi na murna, wanda za ka ga sun daka sun murɗe jiki a sama kamar gugguru a kasko. Ta koma lungu ta zauna, ci ma sai kaɗan. A nan na gane cewa su ba su iya zaman kaɗaici ba, a garke Allah ya halicce su, suna hira da juna da 'yan ƙananan sautuka tun safe har dare. A ƙasar Suwizalan, tun 2008 doka ta hana a ajiye ɓeran Masar shi kaɗai, kuma da na fara jin wannan dariya na yi, na ce aikin waɗanda suka ƙoshi ne; da na ga Wake a lungu sai na daina dariyar. Yaronka, komai sonsa gare shi, makaranta zai tafi, Islamiyya zai tafi, barci zai yi, ba zai zama masa ɗan'uwa ba. Ka sayi biyu. Amma kada ka ce za ka haɗa shi da zomo don ka ga kamar danginsu ɗaya, kamar yadda yaranmu suka saba yi. Zomo yana shuri da ƙafar baya, shurin da ya isa ya karya masa haƙarƙari, kuma yakan ɗauki wata ƙwayar cuta a hanci wadda shi ba ta cika damunsa ba amma tana zame wa ɓeran Masar ciwon huhu.

To, biyun wane iri? A nan ma na yi tuntuɓe. Na koma kasuwa na ce a ba ni mace, mai sayarwa ya juya cikinta ya nuna mini nonuwa ya ce ga shi nan, Alhaji. Ashe namiji ma nonuwa biyu gare shi kamar macen. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki muka wayi gari da 'ya'ya uku suna gudu a keji. Abin sha'awa ne, ba zan ɓoye maka ba: cikinsu yana kaiwa kwana 59 zuwa 72, ya fi na zomo ninki biyu, shi ya sa 'ya'yan suke fitowa da gashinsu, idonsu a buɗe, haƙoransu a shirye, kafin rana ta faɗi suna bin uwa suna taɓa ciyawa. Yara suka yi ta murna. Abin da ban sani ba shi ne uwar tana iya sake ɗaukar ciki cikin 'yan sa'o'i bayan haihuwa idan namiji yana wurin, kuma 'ya'yan da nake gani jarirai, macen tana iya ɗaukar ciki tun tana wata ɗaya da 'yan kwanaki, namijin kuma ba ruwansa da cewa wannan uwarsa ce ko ƙanwarsa. Kafin shekara ta zagayo mun rasa inda za mu sa ƙafa, muna bi gida-gida muna roƙon mutane su karɓa kyauta, kuma Allah kaɗai ya san hannun da wasu suka faɗa. Daga baya wani likitan dabbobi ya ƙara tsorata ni: ya ce macen da ta wuce wata shida ko bakwai ba ta taɓa haihuwa ba, ƙashin ƙugunta yakan daina buɗewa sosai, sai naƙuda ta zo ɗa ya kasa fita, a rasa uwa a rasa ɗa. Wake ta wuce waɗannan watanni lokacin da na kawo mata miji. Allah ne kawai ya yi da sauran kwananta.

Don haka idan ba kiwon sayarwa ka nufa ba, ka sayi mata biyu, ko maza biyu da suka tashi tare kuma ba mace a kusa da za su yi faɗa a kanta. Ka duba da idonka: a danna saman gabansa a hankali, idan namiji ne zai bayyana. Idan kuma cikin ya riga ya shiga, ka fitar da uban tun kafin ranar haihuwa, 'ya'ya maza kuma a raba su da uwa da zarar sun cika sati uku.

Yanzu ga maganar da ta fi kashe su a gidajenmu, kuma a hankali take kashewa har ba a gane ita ce ba, wato abinci. Mu a al'adarmu duk dabbar gida abincinta ɗaya ne: dusa, ragowar tuwo, ɗan gero ko dawa. Ɓeran Masar kuwa maciyin ciyawa ne, kamar ɗan ƙaramin doki. Haƙoransa 20 ne, kuma dukkansu ba sa daina tsiro har ya mutu. Tauna ciyawa ce take goge su, idan ya rasa ta sai na ciki su yi tsawo su karkace har su danne harshe, ka ga dabba tana zuwa wurin abinci da yunwa, ta ɗauka ta saki, yawu yana zuba. Hanjinsa ma ba ya son hutu, dole a ce kullum akwai abin da yake wucewa. Saboda haka ciyawa kada ta yanke a gabansa dare da rana, ɗanya da damina, busasshiya da rani: ƙyasuwa, harƙiya, kiri-kiri, duk irin wadda ake yanko wa doki da tumaki. Ka tanadi ta rani tun kaka, ka adana inda ba laima, don wadda ta yi fumfuna guba ce. Harawa tana da kyau ga masu ciki da ƙanana, amma ga manya a riƙa ba su kaɗan. In kuma ka ga ya sunkuya yana cin wani kashi mai laushi daga jikinsa, kada ka ƙyamace shi ko ka hana shi, haka aka halicce shi, da shi yake samun wasu sinadaran da cikinsa ya sarrafa.

Sai dai ciyawa busasshiya kaɗai ba ta isa ba, kuma dalilin yana da labari. Akasarin dabbobi, akuya da kare da mage da zomo, jikinsu yana haɗa sinadarin bitamin C da kansa. Mu 'yan Adam ba ma iyawa, sai mun ci a abinci, ɓeran Masar ma haka. A 1907 wasu likitoci biyu a ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suna binciken wata cuta da take kama ma'aikatan jiragen ruwa, sai suka riƙa ciyar da ɓerayen Masar hatsi da burodi zalla. Ba a daɗe ba dabbobin suka kamu da ciwon nan na zubar jinin dasashi da ciwon gaɓoɓi wanda ya daɗe yana hallaka matuƙan jirgi, da aka ƙara musu ɗanyen kabeji da makamantansa kuma ciwon bai kama su ba. Wannan gwaji yana cikin abin da ya buɗe hanyar gano bitamin C daga baya. Ka duba da kyau, ɗana: abin da waɗancan likitoci suka yi da gangan don su jawo cuta, shi ne muke yi a gidajenmu da sunan kiwo, dusa da gero da ragowar tuwo. Makonni kaɗan za ka ga gashi ya tashi ya daina sheƙi, dabba tana ɗingishi, ka taɓa ta ta yi ƙara, sai a ce ai sanyi ne ya kama ta ko wani ya taka ta. Maganin kuwa yana kan teburin mai kayan miya: yanka ɗaya na tattasai ko koren tattasai kullum ga kowanne, ba attaruhu ba, da ɗan ganye ɗanye kamar latas ko ganyen dankalin Hausa, wani lokaci ɗan yankin gwaba ko lemun zaƙi. Kabeji kaɗan-kaɗan don yana kumbura ciki, karas da kayan zaƙi a matsayin tsaraba ba abincin kullum ba. Abincin zomo na buhu ba a sa masa wannan sinadari yadda zai ishe shi ba, na kaji kuwa ba nasa ba ne sam.

Kuma tunda ba ya iya amai, duk abin da ya shiga cikinsa ya shiga ke nan. Albasa, tafarnuwa, ganyen tumatir, ganye da koren ɓawon dankalin Turawa, fiya, ɗanyen ganyen rogo, duk ka nisanta su da shi, balle tumfafiya da zaƙami da zurma da suke tsirowa a cikin ciyawar bayan gida, yaro ya haɗo da su bai sani ba. Ka tambayi inda aka yanko ciyawar. Yanzu da maganin feshi ya cika gonaki, ciyawar da ta yi kore shar a gefen gona wataƙila jiya aka fesa ta. Sabon abinci kuma a fara da kaɗan, musamman ɗanyar ciyawar farkon damina bayan ya yi watanni yana cin busasshiya.

Akwai wata ɗabi'a tasa da nake so ka riƙe fiye da duk abin da na faɗa, don ita ce ta sa kiwonsa ya zama amana mai nauyi duk da ƙanƙantarsa: yana ɓoye ciwo. Dabbar da ake farauta ta san duk wanda ya nuna rauni shi shirwa take fara ɗauka, saboda haka zai daure, ya yi ta nuna kamar lafiyarsa ƙalau, har sai ƙarfinsa ya ƙare. Ranar da ka gan shi a takure, gashi a tashe, ido a lumshe, ba ranar ciwon ya fara ba. Akuya tana kuka, kare yana kuka, jariri yana kuka, shi kuwa shiru yake yi, kuma wanda bai san muryarsa ta lafiya ba ba zai gane shirunsa na ciwo ba. Mai lafiya, da ya ji motsin leda ko takun mai kawo masa abinci, zai ɗaga kai ya rangaɗa fito kamar an taka birkin keke. Safiyar da ka shigo ɗaya bai yi fiton nan ba, ko ka ga tattasan jiya yana nan, ko kashinsa ya ragu ya ƙanƙance, to kada ka ce bari mu ga gobe. Yini guda ba ci a wurinsa babbar magana ce. Idan kana da ƙaramin sikeli, ka riƙa auna shi duk Juma'a, yaron ya rubuta a bayan littafinsa. Babba yakan kai giram 700 zuwa 1,200, kuma sikeli yakan ga ramar da gashi ya ɓoye wa ido.

Idan ciwon ya zo, ina roƙon ka, kada ka yi masa abin da muka saba yi wa kaji, a buɗe kafso a zazzage a ruwan sha. Fenisilin da danginsa, su amfisilin da amoksisilin, waɗanda suke warkar da ni da kai, shi kashe shi suke yi: suna share ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinsa, masu guba su samu fili, zawo ya ɓarke, cikin 'yan kwanaki a rasa shi, mai shi kuma ya ce ai har magani na ba shi amma kwana ya ƙare. Haka idan ka ga yana susa har yana ji wa kansa ciwo, gashi yana zubewa, ƙazuwa ce irin tasu kuma tana da magani a wurin likita; ba baƙin mai, ba kananzir, ba fiya-fiya. Ka nemi likitan dabbobi, ka kuma gaya masa a fili ɓeran Masar ne, don magungunansa ba ɗaya suke da na mage ko tunkiya ba. Jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi, manyan garuruwa kuma ba sa rasa asibitin dabbobi na gwamnati. Kada kunya ta hana ka don za a ce dattijo ya kawo ɓera asibiti.

Yara kuma sai an koya musu ɗauka. Hannu biyu ake sawa, ɗaya a ƙarƙashin ƙirji ɗaya ya tallafi ɗuwawu, a rungume shi a jiki, ƙaramin yaro kuma ya zauna a tabarma tukuna a miƙa masa, domin faɗuwa daga hannun yaro a tsaye ta isa ta karya masa baya. Bayan wasa a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, kuma in ka ga wani wuri a fatarsa ya yi fili a zagaye yana ɓarewa, ka raba shi da yara har a yi magani, makero ne kuma yana kama mutum.

Na san abin da yake ranka: ai na yaron ne, shi zai kula da abinsa, da haka zai koyi ɗaukar nauyi. Niyyar tana da kyau, amma bari in gaya maka yadda abin yake tafiya, don na gani a gidana na gani a gidajen wasu. Satin farko har faɗa ake yi a kan wa zai ba su abinci. Sati na uku sai an tuna masa. Bayan wata biyu an sayo ƙwallo, ko jarrabawa ta matso, ko an tafi hutu gidan kaka. Ba mugun yaro ba ne, yaro ne kawai. Shi kuwa ɓeran Masar da ya samu kulawa yana yin shekara 5 zuwa 7, wato wanda ka saya wa ɗan aji uku yana nan da ransa ranar da za a kai yaron makarantar kwana. Wa zai yanko ciyawa a lokacin? Wa zai zauna da su idan kun tafi ƙauye Sallah? Amsar kai ce, ko mahaifiyarsu, don haka ka yi shawara da ita tun yanzu, kada ka ɗora mata aikin da ba ta ce tana so ba. Ka san labarin matar nan da ya zo a hadisi, wadda ta kulle mage ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nema da kanta ba, da inda hakan ya kai ta. Dabbar da take cikin keji ba ta da wata ƙofar arziki sai hannun wanda ya rufe ta. Yaro kuwa ba daga faɗa yake koyon riƙon amana ba, daga gani yake koyo: ya ga Baba ya dawo a gajiye, bai zauna ba sai da ya leƙa ya duba ko akwai ruwa. In kuma wata rana ɗaya ya mutu, kuma zai mutu, kada ka ce masa don ɓera kake kuka. Manzon Allah (SAW) da kansa ya kula da ƙaramin yaro Abu Umair lokacin da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi ya mutu, ya tambaye shi labarinsa cikin raha. Ka taimaka masa ya haƙa rami a gindin bishiya, ka bar shi ya yi kukansa.

Idan duk ka ji wannan kuma har yanzu kana so, to madalla, ka gama kejin ka tanadi ciyawa kafin ka je kasuwa, ba bayan ka dawo ba. Ka tafi da sassafe tare da yaron. Kada launi ya ja ku. Ku tsaya ku kalli garken na ɗan lokaci, ku zaɓi wanda yake ci yana guje-guje, idonsa garau, hancinsa a bushe, bayansa ba alamar zawo, gashinsa ba gurbi, kuma macen da kuka tarar tare da maza ku ɗauka cewa wataƙila da ciki za ta zo muku. A kwali mai huji za ku sa su da ɗan ciyawa, ba a leda ba, ba a but ɗin mota ba. Da kun isa gida za su shige tukunyar nan su ƙi fitowa, yaron zai so ya zaro su, sai ka hana shi, a ba su kwana biyu ko uku su san warin wurin da muryoyin gidan. Bayan nan ya zauna a ƙasa kusa da kejin, ya riƙe yankan tattasai a tafin hannu, ya yi shiru ba motsi. Ranar farko ba za su zo ba. Wataƙila ta biyu ma haka. Wake sai a rana ta biyar ta miƙo wuya daga bakin tukunya, ta fizge tattasan daga hannun ɗana, ta koma ciki da gudu, muna jin ƙurus-ƙurus ɗinta daga waje.